Ƙafar da Ña Liberata ta ɗora

A garinmu, in yaro ya faɗo daga bishiyar lemo ko sa ya take wa mutum ƙafa, ba a tsayawa shawarar inda za a kai shi. Gidan Ña Liberata Ocampos ake nufa, can bayan coci, inda tun daga zaure warin taba da man kaza zai tare ka. Gajeriyar mace ce mai manyan hannuwa irin na maza, kullum da naɗaɗɗiyar taba a gefen baki, ko tana ci ko ta mutu. A wurin kakarta ta koyi ɗori, ta fara da kaji da karnuka, ta hau kan maruƙa, kafin ta kai shekara ashirin har ta soma taɓa mutane. Mijinta kuwa ya tafi aikin sarar ganyen shayi a arewa, ya ce wata uku zai yi. Har ta bar duniya da shekara tamanin da ɗoriya, wata ukun nan bai cika ba. Ɗa ɗaya ya bar mata, Nicasio.

Matar nan ba ta damu da yabo ba, don a ganinta yabon gaskiya ce kawai aka faɗa. Abin da ba ta ɗauka shi ne a ga ɗingishi a ce daga hannunta ya fito. An yi wani mai kiɗa, Zoilo, da ya kwance ɗorinsa sati biyu kafin lokaci don ya je rawar biki, ƙafar ta kama a karkace. Da ta hango tafiyarsa a kasuwa sai ta sa ƙarti huɗu suka danne shi a kan teburin mahauta, ta sake karya ƙashin ta ɗora. Zoilo ya zage ta tas, ya haɗa da kakar da ta koya mata, amma ya mutu yana tafiya a miƙe.

Da aka fara yaƙi da Bolivia aka kwashi Nicasio da sa'o'insa zuwa Chaco, su je su mutu a kan wani daji da ba ruwa sai ƙaya, wanda ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa gani. Bayan shekara biyu wata 'yar takarda ta zo ta hannun limamin coci. Ña Liberata ba ta karatu, kuma ban da Guarani ba ta jin yaren kowa, don haka ta kai wa Don Fulgencio, shugaban 'yan sandan garin, wanda shi ya riƙe Nicasio ranar baftisma, shi ya sa yake ce mata comadre, ita kuma take ce masa compadre. Ya karanta mata: an kama shi, yana birnin La Paz na Bolivia, yana da rauni a ƙafar hagu.

"Ina a ƙafar? Sama da gwiwa ko ƙasa?"

"Ba su faɗa ba, comadre."

"Ƙashin ya fito waje ko yana ciki?"

"Iyakar abin da aka rubuta ke nan."

"To su masu ilimin nan, uban me suke rubutawa?" Ta fizge takardar ta cusa a ƙirji ta fita.

A shekarar ne fursunonin Bolivia suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa abin ba su, sai ta shiga rarraba su gida-gida su yi noma. Masu gonakin rake suka zaɓe ƙarfafan tun da safe. Da la'asar saura mutum ɗaya a cikin amalanken shanu, ƙudaje sun rufe masa ƙwauri, ba wanda ya ko leƙa shi sau biyu. Don Fulgencio ya sa aka tura amalanken ƙofar gidanta.

"Comadre, ga abin gwaji na kawo miki. In ya mutu ba mai tambaya."

"Ɗana yana hannunsu, ni kuma in yi wa nasu jinya? Ka mayar da shi inda ka ɗauko."

Tana faɗa tana ɗaga tsumman da ke kan ƙafar. Ta duba, ta danna da babban yatsa, ta sake dannawa. Daga nan ba ta ƙara maganar mayarwa ba, sai cewa ta yi a kawo mata ruwan zafi da gora.

Sunansa Evaristo Apaza, manomin dankali daga can kan duwatsu, wanda yarensa ma ba na gwamnatinsa ba ne. Shi ba ya jin nata, ita ba ta jin nasa. Harsashi ya farfasa masa ƙashin ƙwauri gida uku. Kwana goma ta yi tana zaro ɓarɓashin ƙashi da hantsaki, tana wanke mugunya, tana cika ramin da zuma. Ta ja ƙafar ta daidaita, ta ɗaure da tsagin gora, ta shiga ɗura masa romon ƙafar sa har ya fara rufe baki in ya hango kwanon. Ita "Boli" take ce masa, kamar yadda kowa yake ce musu. Shi kuma ya rasa abin kiranta sai "Mama".

"Uwarka tana can kan dutse," ta kan ce, sannan ta ƙara masa rogo.

Kalma ɗaya ya fara koya a bakinta, ita ce "tashi". Da ita ta miƙar da shi a wata na uku, yana kuka yana riƙe da bango. Da ita ta raba shi da sanda a wata na biyar. In ta ce tashi, ko cikin barci yake sai ya miƙe kafin ya buɗe ido. A wata na bakwai Evaristo yana ɗaukar buhun rogo daga gona ya kawo gida a kafaɗa, in ka bi shi a baya ba za ka iya cewa wace ƙafa ce ba. A duk rayuwarta ba ta taɓa aiki mai kyan wannan ba, kuma ta sani.

Ana nan, wata Lahadi bayan addu'a Don Fulgencio ya hau matakalar coci ya karanta sanarwa. Gwamnatocin nan biyu, da suka kasa shiryawa a kan daina harbin juna, sun shirya a kan yadda za su yi da ragowar. Za a yi musayar fursunoni masu rauni, amma fa sai waɗanda suka lalace ta yadda ba za su ƙara riƙe bindiga ba har abada. Kai da kai za a yi, sittin su tafi sittin su dawo, ba ƙari ba ragi. Likitoci daga ƙasashen da ba ruwansu da yaƙin su za su zo su duba, kada wani ya cuci wani ya aika masa da lafiyayye. Limamin coci ya ja Ña Liberata gefe ya gaya mata sunan Nicasio yana cikin sittin ɗin can. Sunan Evaristo kuma yana cikin sittin ɗin nan, domin takardar da ta biyo shi daga bakin daga cewa ta yi ƙafar ta yankewa ce.

Don Fulgencio ya biyo ta gida yana murna, sai ya tarar da Evaristo a kan rufin ɗaki yana gyara jinka. Ya cire malafa ya zauna a ƙasa daɓas.

"Comadre, kin kashe mu."

"Da na yi me?"

"Gurgu suke so! Gurgun da ya gama yawo! Ke kuma kin je kin mai da shi doki. In likita ya ga wannan a kan rufi, sittin sun zama hamsin da tara, can ma sai su cire ɗaya."

"Kai ka kawo min shi."

"Cewa na yi ki gwada, ban ce ki yi nasara ba."

Mu dai ba baƙin wannan aiki ba ne. Tun farkon yaƙi, duk ranar da aka ji sojoji za su zo karɓar shanun noma, kafin hantsi duk wani sa da ke garin ya fara ɗingishi, in sun wuce kuma lafiya ta samu. Ña Liberata ce ma take nuna wa mutane inda za su ɗaure. Sai ga shi abin ya zo kan mutum. Da alamar hannu da zane a ƙasa aka fahimtar da Evaristo: ka kwanta, ka ga matarka, ka miƙe, ka zauna. Mutumin ya gane sarai, har ƙwalla ya yi, ya sauko daga rufin ya kwanta a gadon fata a gindin mangwaro.

Sati uku ta yi tana rushe sunanta da hannunta. Ta rage masa abinci har haƙarƙarinsa suka fito. Ta ɗaure ƙasan gwiwar da igiya kullum ƙafar ta kumbura, ta shafe tsohon tabon da dakakken ganye mai sa fata ta yi baƙi, ta naɗe da tsumman da aka jiƙa da ruwan ruɓaɓɓiyar hanta. Ta cusa ɗan guntun gora a ƙarƙashin naɗin, in ka shafa sai ka rantse ƙashi ne ya kama a karkace. Ba a gaya wa kowa ba, don a garinmu sirrin mutum uku ma da ƙyar yake kwana. Saboda haka matan bakin rafi suka samu abin yi.

"Ashe dai akwai ƙafar da ta fi ƙarfin Ña Liberata."

"Tsufa ne, 'yar'uwa. Hannu ya fara rawa."

Tana ji, tana wankinta, tana tauna tabar har ta tsinke. Ba ta tanka ba ko sau ɗaya. Wanda ya san matar nan ya san a sati ukun nan ta biya wa ɗanta abin da ya fi jini, kuma ni har yau ina jinjina mata a kai.

Ranar dubawa mota ta tsaya a ƙofar gidan da hantsi, yaran gari da matan bakin rafi suka cika shinge. Likitan wani dogon Bature ne da zafi ya dafa har wuyansa ya yi ja. Tare da shi akwai wata uwargida 'yar birnin Asunción, cikin matan nan masu ƙungiyar taimako, da mafici a hannu, ita ce tafinta. Don Fulgencio ya ba su kujeru, aka miƙa musu ƙahon terere, shayinmu mai sanyi, likitan ya ce ya gode bai sha ba. Evaristo yana kwance yana nishi daidai yadda aka koya masa, ba yawa ba kaɗan.

Likitan ya toshe hanci da hankici, ya ɗaga bakin tsumman da alƙalami, ya shafa ƙwaurin ta saman naɗi da yatsu biyu. Ya ji guntun gorar nan ya girgiza kai. Ya zauna, ya ɗora takarda a gwiwa ya fara rubutu. Don Fulgencio ya leƙa ya ga abin da ake rubutawa, ya ɗaga ido ya yi wa comadre ɗinsa alamar an gama. Saura sa hannu.

Da bawan Allahn nan ya yi shiru ya sa hannunsa, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma masu ilimi ba sa iya barin wuri ba su koyar da wani abu ba. Ya ɗago ya yi wata doguwar magana yana nuna ƙafar da alƙalami, uwargidan nan ta yi 'yar dariya a bayan mafici.

"Me ya ce?" in ji Ña Liberata.

"Ba komai, comadre, zafi ya ce ana yi."

"Ba da kai nake ba. Uwargida, me ya ce?"

Ita kuwa uwargida aikinta fassara, kuma ta yi shi tsakani da Allah, da murya mai ƙarfi yadda na bakin shinge za su amfana. "Likita ya ce abin tausayi ne. Ya ce da mutumin nan ya samu wanda ya san ƙashi, da yanzu yana tafiya. Ya ce duk wanda ya ɗora wannan, ko ƙafar kujera aka ba shi kada a yarda. Ya ce ya kamata hukuma ta hana jahilan ƙauye taɓa mutane."

Wata a bakin shinge ta ƙyalƙyale da dariya.

Daga baya Don Fulgencio ya sha rantsuwa cewa ya ga tabar ta faɗo daga bakinta, kuma tun kafin ta kai ƙasa ya san sun mutu. Ya kai hannu zai riƙe ta, ta ture shi. Ba tunanin Nicasio ta daina ba, kada wani ya ce haka. Bakinta ne kawai ya riga zuciyarta.

"Boli! Tashi!"

Kafin Evaristo ya tuna da matarsa, yana tsaye a kan ƙafafunsa biyu. Ta durƙusa ta warware tsumman da fizga ɗaya, guntun gorar ya faɗi a gaban takalmin likita. Ta tsinke igiyar, ta kama hannun Baturen ta ɗora a kan ƙwaurin.

"Shafa! Ki ce masa ya shafa tun daga gwiwa har idon sawu, in ya ji inda ya karkace ya nuna min. Gida uku ya fashe! Ƙafar kujera? Boli, zagaya mangwaron nan!"

Ya zagaya. Ƙafar ta yi tsami saboda ɗauri, amma kafin ya gama zagaye na biyu ta saki, yana tafiya yana hawaye. A lokacin ne ta ji abin da ta yi, sai ta tsaya da tsumman a hannu ba ta ajiye ba.

Likitan mutumin kirki ne, bai yi fushi ba ko kaɗan. Ya sa aka wanke ƙafar, ya duba ta da kyau a karo na farko, ya yi ta mamaki. Ya miƙe ya cire hula ya ba ta hannu, ya ce a gaya mata ya janye maganarsa, ko a asibitin ƙasarsu ba a fi haka. Har ya ciro ɗan littafi ya rubuta zuma da gora. Sannan ya ja layi a kan sunan Evaristo Apaza, suka shiga mota.

Don Fulgencio ya nufi ƙofa, ita ce ta bi shi har zaure. "Cikin mutum sittin, compadre. Don me zai zama nawa ne za a cire?"

"Haka ne, comadre," ya ce, bai juyo ba.

Ranar da jirgin ƙasa ya kawo masu rauni ta je tashar Paraguarí da tsagin gora da kwalbar zuma a kwando. Ta tsaya ta ƙirga su ana sauke su, makafi da masu dungu da waɗanda ake ɗauka a bargo. Hamsin da tara. Ta bi taragu ɗaya-ɗaya ta leƙa ƙarƙashin kujeru, sannan ta dawo gida da kwandonta. Ta ce wa kowa ai takardun gwamnati ba a rasa su da kuskure, wataƙila tun farko ba sunansa ba ne.

Evaristo bai taɓa yi mata maganar ba, ko da ya iya Guarani. Ya ci gaba da nomansa. Yaƙi ya ƙare, manya suka ƙara cin shekara guda suna ciniki a kan tebur, sannan aka ce kowa ya koma gida, mai rauni da marar rauni. Ranar tafiyarsa ta cika masa jaka da gurasar rogo. Ya tsaya a ƙofa yana neman abin faɗa.

"Mama, ƙafar ba ta ciwo."

"Na sani. Tafi kada su bar ka."

Bayan wata ɗaya Nicasio ya dawo. Ya sauko daga amalanke da sandar guragu, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe an maƙale ta da allura sama da gwiwa. Ya rame, amma bakinsa yana nan yadda ya tafi da shi. Aka yanka maraƙi, gari ya taru a gindin mangwaro, ƙahon terere yana zagayawa. Uwarsa ta zauna a ƙasa a gabansa ta warware wandon, ta ɗora dungun a cinyarta tana bin ɗinkin da babban yatsa. Shi kuma yana ba da labari.

"Ai da tun bara kun gan ni. Da ƙafata ma, wallahi. Ruɓewa take, amma tana nan. Aka jera mu a tasha mu sittin, ni ne na ƙarshe a layi don ba na sauri. Har na ɗora ta a matakalar jirgi, ita wannan da babu ɗin, sai ga wani hafsa da takarda a guje. Wai an bugo waya, wani Boli a nan ƙasarmu ya warke sarai, har likita ya gan shi yana zagaya bishiya. Hamsin da tara za a bayar. Ya dafa kafaɗata ya ce, kai, koma. Wata biyu bayan nan suka sa zarto."

Don Fulgencio ya ce bari ya je ya duba naman nan, amma bai tashi ba.

"Da farko na yi ta tsine masa," in ji Nicasio. "Daga baya na ce, shi me ya yi? Warkewa ya yi. Ni wanda ya ɗora shi nake tunani. Ƙafar da aka rubuta ta yankewa ce fa! Mama, ke kin san masu ɗorin ƙasar nan kaf. Wa ke da hannu irin wannan? Ba faɗa zan yi ba. So nake kawai in tambaye shi, da ni aka kai masa, da ya iya?"

Yatsanta ya tsaya a kan ɗinkin. Ba ta ɗago ba.

"A ina harsashin ya shiga?"

"Ƙasa da gwiwa, kamar yatsa huɗu."

"Ƙashin gida nawa?"

"Biyu, suka ce."

"Da ya iya."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, ɗana. Wata huɗu da ka taka."

Nicasio ya buga sandarsa a ƙasa ya juya ga jama'a. "Kun ji fa! Ku shaida! Tun da aka haife ni ban taɓa jin Mama ta yabi aikin wani ba sai yau."

Shi kaɗai ya yi dariya.